Summerhill: Makarantar kuɗi ta Ingila da ba a tilasta wa ɗalibi shiga aji

A garin Leiston da ke yankin Suffolk, a gabashin Ingila, akwai wata ƙaramar makarantar kuɗi ta kwana mai suna Summerhill, wadda ta haura shekara 100 da kafuwa. Ɗalibanta ba su cika kai ɗari ba, amma da wuya a sami littafin tarihin ilimin zamani da bai ambace ta ba. Abu biyu ne suka fito da sunanta. Na farko, ba a tilasta wa kowane yaro shiga aji. In ya ga dama ya shiga, in bai ga dama ba ya tafi wasa. Na biyu, dokokin zaman yau da kullum ana kafa su ne a taron da ɗan shekara shida da shugabar makaranta kowannensu ke da ƙuri'a guda.

Makarantar tana karɓar yara tun daga shekara biyar ko shida, tana riƙe su har su kammala matakin sakandare suna da shekara 16 zuwa 17. Ana ɗaukar ta a matsayin uwa ga makarantun da suka kauce wa tsarin da aka saba, waɗanda ake kira makarantun dimokuraɗiyya. Ga bayani kan asalinta, da yawan ɗalibanta, da yadda take ɗaukar su, da ma'aikatanta, da kuma shari'ar da ta kusa kawo ƙarshenta.

Wanda ya kafa ta

Alexander Sutherland Neill, wanda aka fi sani da A.S. Neill, an haife shi a garin Forfar na Scotland a shekarar 1883. Mahaifinsa malamin makarantar ƙauye ne, a zamanin da bulalar fata ke cikin kayan aikin kowane malami a wannan yanki. Neill bai yi fice a karatu yana yaro ba. Ya fara koyarwa a hannun mahaifinsa, daga baya ya shiga Jami'ar Edinburgh inda ya sami digiri a fannin Turanci a 1912. A farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riƙe shugabancin wata makaranta a Gretna Green, kuma a nan ne ya fara rubuta shakkunsa game da duka da haddar dole.

Abin da ya ƙara sauya tunaninsa shi ne haɗuwa da wani Ba'amurke, Homer Lane, wanda ke kula da wani gidan gyaran tarbiyyar kangararrun yara a Dorset. A wannan gida yaran ne ke kafa wa kansu doka, su kuma hukunta wanda ya karya ta. Neill ya ɗauki wannan tsari ya kai shi makaranta.

Ya fara aikin a 1921 a Hellerau, kusa da birnin Dresden na Jamus. Daga can ya koma Sonntagberg a Ostiriya, inda bai jitu da hukumomin yankin ba, musamman kan batun koyar da addini. A 1924 ya dawo Ingila, ya kama wani gida a garin Lyme Regis da ake kira Summerhill, sunan da makarantar ta gada. A 1927 ta tare a Leiston, a wani tsohon gida mai fili kimanin eka 12. Ban da shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojoji suka karɓi ginin aka kwashe yaran zuwa Ffestiniog a Wales, a nan take har yau.

Neill ya rasu a watan Satumban 1973. Matarsa Ena ta ci gaba da shugabanci har 1985, sannan 'yarsu Zoë Readhead ta karɓa. Makarantar mallakin iyalin ce, ba ta gwamnati ko wata ƙungiyar addini ba.

Yawan ɗalibai

Summerhill ta fara a Lyme Regis da yara biyar kacal. Lokacin da jami'an duba makarantu na gwamnati suka ziyarce ta a 1949, sun tarar da yara 70 masu shekara 4 zuwa 16. A ƙarshen shekarun 1950 adadin ya faɗi zuwa kimanin 25, har ta kai ana tunanin rufewa, domin makarantar da ba ta da tallafin gwamnati, kuɗin da iyaye ke biya ne kaɗai jarinta.

Abin da ya cece ta shi ne littafi. A 1960 wani mai buga littattafai a New York, Harold Hart, ya tattara rubuce-rubucen Neill ya fitar da su da sunan Summerhill. Littafin ya sami karɓuwa ƙwarai a Amurka, an sayar da miliyoyin kwafi, an fassara shi zuwa harsuna da dama, kuma ya shiga jerin littattafan da ake karantawa a kwalejojin horon malamai. Nan take iyaye Amurkawa suka fara turo 'ya'yansu, maziyarta kuma suka yi ta tururuwa zuwa Leiston.

Tun daga wannan lokaci makarantar ta zama ta 'yan ƙasashe daban-daban. Bayan Amurkawa, an sami yara da yawa daga Jamus, sannan daga Japan da sauran ƙasashen gabashin Asiya, inda gasar jarrabawa ke da tsanani har wasu iyayen ke neman mafita ga 'ya'yan da suka kasa jurewa. Mafi yawan ɗaliban na kwana ne, akwai kuma 'yan jeka-ka-dawo kaɗan daga garuruwan kusa.

Ƙarancin adadin da gangan ne. Tsarin ya dogara ne ga taron da kowa zai zauna a zaure ɗaya, ya ɗaga hannu a ba shi dama ya yi magana. Idan mutane suka kai ɗaruruwa, sai an koma ga wakilai, kuma da zarar an yi haka ƙaramin yaro ya rasa muryarsa. Sai dai ƙarancin yana da tsadarsa: tafiyar yara goma kawai na iya girgiza kasafin kuɗin shekara.

Ana raba ɗaliban kwana gida-gida bisa shekaru, kowane rukuni da sunansa. Mafi ƙanƙanta suna San, sai Cottage, sai House, sai Shack, manya kuma suna Carriages, sunan da ya samo asali daga tsofaffin taragan jirgin ƙasa da aka taɓa mayarwa ɗakunan kwana. Manyan suna samun ɗaki na kansu, kuma su ne ƙashin bayan tafiyar da harkokin makarantar.

Yadda ake ɗaukar ɗalibi

Babu jarrabawar shiga. Ba a neman sakamako mai kyau daga tsohuwar makarantar yaro. Ana buƙatar iyaye su zo da yaron su ga wurin da idonsu, su tattauna da shugabar makarantar, domin a tabbatar sun fahimci abin da za su shiga. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, saboda uban da ya biya kuɗi mai yawa sannan ya ji ɗansa ya shafe zango guda yana hawan bishiya, in bai shirya wa hakan ba, zai matsa wa yaron lamba daga gida, abin da ke rushe manufar gaba ɗaya.

Ƙa'idar da ta fi ba mutane mamaki ita ce ta shekaru. Ko da yake makarantar tana koyarwa har ƙarshen sakandare, ba ta cika ɗaukar sabon ɗalibin da ya wuce shekara 11 zuwa 12 ba. Dalilin ya fito ne daga abin da Neill ya gani. Yaron da ya fara karatunsa a Summerhill yakan shiga aji da kansa ba tare da wata matsala ba. Wanda kuwa ya sha tilas a wani wuri, da ya iso sai ya ƙaurace wa aji. Neill ya rubuta cewa irin wannan ƙauracewa takan ɗauki kimanin wata uku a matsakaici, kuma ya ga yarinyar da ta shafe shekara uku ba ta leƙa aji ba. Ɗan shekara takwas yana da lokacin da zai huce ya dawo. Ɗan shekara 14 kuwa jarrabawa za ta riske shi bai gama hucewa ba. Bugu da ƙari, babban yaron da bai saba da 'yanci ba yakan zame wa ƙanana fitina.

A shekarun farko yawancin waɗanda ake kawowa yara ne da wasu makarantu suka kora, masu sata ko fashe-fashen kaya. Neill yakan zauna da su ɗaya bayan ɗaya yana tattaunawa, bisa tasirin da ra'ayoyin Sigmund Freud suka yi masa. Daga baya ya lura cewa waɗanda ba su zo zaman ba su ma suna gyaruwa, sai ya yanke cewa zaman 'yancin ne maganin. Da makarantar ta tsaya da ƙafarta, sai ta rage ɗaukar yara masu matsananciyar matsala.

Kuɗin makaranta shi ne babban shinge. Akwai wata gidauniya mai ɗauke da sunan Neill da ke taimaka wa wasu iyalai, amma galibin ɗaliban 'ya'yan masu hali ne. Nauyin ya ƙaru daga Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu.

Malamai da sauran ma'aikata

Ma'aikatan sun kasu kashi uku: malaman aji, da masu kula da gidajen kwana waɗanda ke zaman iyayen riƙo ga kowane rukuni, da ma'aikatan yini irin su masu girki da shara da ofis. Mafi yawan malamai da iyayen riƙon a cikin makarantar suke kwana a lokacin zango. Yara suna kiransu da sunayensu kai tsaye, kamar yadda suke kiran Neill kansa a zamaninsa.

Albashi bai taɓa zama abin jan hankali ba. Rahoton masu dubawa na 1949 ya nuna ana biyan ma'aikaci fam 8 a wata, haɗe da abinci da wurin kwana, kuma tun a lokacin an lura cewa samun ƙwararrun malaman da suka yarda da manufar, suka kuma amince da wannan ɗan kuɗi, ba ƙaramin aiki ba ne.

Aikin malami a nan ya bambanta da na sauran wurare. Ƙananan yara suna da ajinsu da malaminsu. Manya kuwa a farkon kowane zango sukan rubuta sunayensu a darussan da suke so, sai a tsara jadawali bisa haka. Wajibi ne malami ya kasance a ajinsa a kan lokaci, ɗalibi ne kawai ke da zaɓin zuwa. Saboda haka aji na iya zama na yara uku ko huɗu, wani lokaci ma ɗaya. Ana koyar da Turanci da lissafi da kimiyya da tarihi da harsuna, akwai kuma ɗakin kafinta da na zane da na kiɗa. Malamin ba shi da ikon duka ko horo. Idan wani ya dame shi a aji zai iya cewa ya fita, ko ya kai ƙararsa taro, kamar yadda shi ma ɗalibi zai iya kai ƙarar malamin.

Taron makaranta da iyakar ikonsa

Ana zaman taron ne a kai a kai cikin mako, yawanci ɗalibi ke jagoranta. A nan ake kafa doka, a gyara ta ko a soke ta, kuma dokokin sun haura ɗari: lokacin barci da na tashi, hawan keke, fita cikin gari, amfani da kwamfuta, taɓa kayan wani. A nan kuma ake sauraron ƙara. Hukuncin yakan zama tarar 'yan kuɗi daga na kashewa, ko aikin share wani wuri, ko komawa ƙarshen layin abinci. Ana zaɓen masu sasanta rikici daga manyan ɗalibai, da masu tabbatar da kowa ya kwanta a kan lokaci. Tunda yara sun fi manya yawa, suna iya kayar da ra'ayin shugabar makaranta, kuma sun sha yi.

Neill ya yi ta nanata bambanci tsakanin 'yanci da sakarci. A ganinsa, shiga aji ko ƙin shiga lamari ne da ya shafi yaron shi kaɗai, don haka nasa ne ya yanke. Amma buga ganga da tsakar dare ya shafi barcin wasu, don haka jama'a na da ikon hana shi.

Duk da haka, akwai abubuwan da taron bai da hurumi a kansu. Ɗaukar ma'aikaci da sallamarsa, da sha'anin kuɗi, da karɓar ɗalibi ko korarsa, da ƙa'idojin kare lafiya da dokar ƙasa ta wajabta, duk suna hannun shugabar makaranta. A nan ta bambanta da makarantar Sudbury Valley da aka kafa a 1968 a garin Framingham na jihar Massachusetts a Amurka. A can taron ɗalibai da ma'aikata ne ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma kowace shekara ake jefa ƙuri'a kan ma'aikatan da za su ci gaba da aiki. Sudbury Valley ta jeka-ka-dawo ce, tana kuma karɓar matasa, saɓanin Summerhill.

Shari'ar shekarar 2000

Bayan kafa hukumar duba makarantu ta Ofsted a 1992, Summerhill ta sha ziyarar masu dubawa fiye da yadda aka saba. A watan Maris na 1999 wata tawaga ta zo ta rubuta rahoto mai zafi, inda ta zargi makarantar da barin yara su ɗauki lalaci a matsayin 'yanci. Sakataren Ilimi na lokacin, David Blunkett, ya aika mata da takardar gargaɗi mai buƙatu shida. Rashin cika su na nufin soke rajistarta, wato rufewa.

Makarantar ta amince da uku, ta ƙi uku. Mafi girma cikin waɗanda ta ƙi shi ne wanda zai kai ga tilasta wa yara halartar darasi, domin a ganinta amincewa da shi daidai yake da kashe makarantar a bar sunanta. Ta ɗaukaka ƙara, fitaccen lauyan kare haƙƙin ɗan'adam Geoffrey Robertson ya tsaya mata, tsofaffin ɗalibai da magoya baya kuma suka tara kuɗin shari'a.

An fara sauraron ƙarar a watan Maris na 2000 a harabar manyan kotuna da ke Landan. A cikin zaman ne ta bayyana cewa sunan makarantar na cikin wani jerin makarantun da ake sa wa ido a ɓoye. Cikin 'yan kwanaki lauyoyin gwamnati suka nemi sulhu. Ɗaliban da suka halarta suka nemi izini suka yi taronsu a cikin ɗakin shari'ar, suka jefa ƙuri'ar amincewa da yarjejeniyar. An janye gargaɗin. Gwamnati ta yarda cewa duk dubawar da za a yi nan gaba za ta yi la'akari da manufar makarantar, da ra'ayin ɗalibai, da kuma cewa koyo ba a cikin aji kaɗai yake faruwa ba. Binciken da aka yi a 2007 ya yaba sosai da tarbiyyar ɗaliban da yadda suke ɗaukar nauyin kansu. A 2008 tashar yara ta BBC ta nuna wasan kwaikwayo da aka gina a kan wannan shari'a.

Jarrabawa da makomar ɗalibai

Ɗalibai sukan zauna jarrabawar GCSE, wadda a matsayi ta yi kusa da ta kammala sakandare ta WAEC, amma ba dole ba ne. Abin da aka saba gani shi ne yaro ya yi shekaru yana wasa, sannan da ya kai shekara 13 ko 14 ya fara tunanin abin da zai yi bayan fita, ya duƙufa kan darussan da yake buƙata. Makarantar ba ta koyar da matakin share fagen shiga jami'a, don haka mai son digiri sai ya wuce wata kwaleji tukuna. Cikin tsofaffin ɗalibanta akwai John Burningham, marubuci kuma mai zanen littattafan yara, da 'yar fim ɗin Amurka Rebecca De Mornay.

Sukar da ake yi mata

Tun zamanin Neill ake suka. A 1970 an fitar da wani littafi da ya tattara ra'ayoyin masu goyon baya da masu adawa, inda Max Rafferty, shugaban harkar ilimi na jihar California a lokacin, ya yi wa makarantar kaca-kaca. Masu suka suna kafa hujja da cewa yaro ba zai iya zaɓar abin da bai san da shi ba, kuma wanda ya makara wajen koyon karatu da lissafi ba lallai ne ya cike giɓin ba. Wasu tsofaffin ɗaliban sun faɗi cewa sun fita da rauni a wannan fanni, ko da yake wasu sun ce sun cim ma takwarorinsu cikin ɗan lokaci.

Iyaye masu riƙo da addini suna da nasu ƙorafin: makarantar ba ta koyar da ibada, maza da mata suna zaune a harabar kwana ɗaya, kuma ra'ayoyin Neill kan tarbiyyar jinsi sun jawo ce-ce-ku-ce tun yana raye. Akwai kuma tambayar da masana suka fi yi: nasarar ɗaliban daga tsarin take, ko daga gidajen da suka fito, inda akwai kuɗi da littattafai da hanyar samun dama ta biyu? Makarantar da ke da malami guda ga yara ƙalilan ba ta zama ma'auni ga ajin gwamnati mai cike da ɗalibai ba.

Sai dai wasu abubuwan da aka ɗauka hauka ne a 1921 yanzu sun zama doka ko al'ada a ƙasar. An haramta duka a makarantun gwamnatin Birtaniya a 1986, aka faɗaɗa haramcin zuwa masu zaman kansu na Ingila da Wales a ƙarshen shekarun 1990, kuma majalisar ɗalibai ta zama ruwan dare a makarantu. Batun barin yaro ya zaɓi shiga aji kuwa har yanzu makarantu ƙalilan ne a duniya suka ɗauke shi, kuma Summerhill, wadda ta yi bikin cika shekara 100 a 2021, ita ce mafi daɗewa a cikinsu.